Ƙwarya Biyu a Ɗakin Baba Tanko

Da kunnena na ji ɗayanku, ranar sunan jikata a Kasalgu, yana gaya wa baƙi wai ni na ɗauki Yayarku na ba Goggonku Adiza kyauta, saboda zumunci da kyawun hali. Baƙin suka yi ta sa mini albarka, ni kuma ina ta murmushin dole. To ku buɗe kunne tun ina da sauran numfashi: ban ba da ita ba. Wannan kyawun halin ba ni da shi, ban kuma taɓa samunsa ba. Na yi kishin Adiza tana da rai, ta mutu ina kishinta, har yau da ƙasa ta daɗe da rufe ta in aka ambaci sunanta sai lomar bakina ta ƙi wucewa. Allah ya jiƙanta, wannan haƙƙinta ne na Musulma kuma na biya. Amma labarin ku bar shi ya zauna yadda ya faru.

An kawo ni aure unguwar Zogbeli a Tamale, gidan Baba Tanko, baffan babanku, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar kakanku. Mutanen goro ne kaka da kakanni, tun zamanin da ake tasowa daga Kano da jakuna. Babanku yana da rumfarsa a kasuwa, ni kuma ina kitso a gindin bishiyar da ke tsakar gida, kuma ba yabon kai ba, a lokacin duk amaryar da ba ta zauna a gabana ba a Zogbeli sai an yi mata dariya. Yayarku ita ce ta fari. Ku da kuke sumbatar 'ya'yanku a gaban surukai ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba. A wajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In ya faɗi, sai ki kau da kai wata ta ɗauke shi. In kika kuskura kika nuna so, an samu abin faɗa ke nan a bakin rijiya har ki tsufa, kuma shi yaron ma sai an riƙa tsokanarsa da rashin kunyar uwarsa. Shi ya sa har a wannan labarin ba za ku ji sunanta ba.

Adiza yayar babanku ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana aure a Yendi wajen wani mai fataucin shanu, Isaka, mutumin Mango ta can ɓangaren Faransa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da lokacin yaye ya yi sai ga ta a lori da ƙunshin kayanta, ta kwana biyu, ta goya yarinyar da zanen da ni na saya, ta ce za ta yaye ta a can ta dawo da ita. Kowa ya san ba za ta dawo da ita ba. 'Yar ƙani ta goggo ce, haka ake yi a wajenmu, haka maƙwabtanmu Dagomba ma suke yi, har sun fi mu tsanani. Ba wanda ya tambaye ni. Ina tsugune ina wanke tukunya suka fita, nono yana zuba a rigata, ban ɗaga kai ba, aka kuwa yaba mini a unguwa cewa Rabi akwai kunya.

Tun daga nan sai da Salla nake ganinta. Adiza takan zo da ita, ta sa mata atamfa iri ɗaya da tata, yarinyar tana riƙe da gefen zanenta tana kiranta Mma. Ni kuma sunana Innar Tamale. Za ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri, in saci kallon kanta ta gefen ido. Kan nan shi ne ya fi ci mini rai. Adiza ba ta iya kitso ba, Allah ya sani. Tsagarta a karkace, wani layin ya yi ƙiba wani ya rame, kamar kunyoyin doyar da malalaci ya yi. Ga yarinya da gashi irin na mahaifiyata, baƙi sil, mai laushi, an ɓata shi. Ni da nake gyara kan 'ya'yan mutane tun safe har la'asar, hannuna yana ƙaiƙayi, ba halin in ce a kawo ta. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, ko a tsefe wa yarinyar nan kai?"

"Jiya-jiya na yi mata," in ji Adiza. "Ko bai yi miki ba ne, Rabi?"

"Ya yi kyau, Yaya."

Na haɗiye, na koma kan tukunyata.

Yanzu in gaya muku abin da ya shigo da duniya cikin maganar. A lokacin ƙasar nan ba a ce mata Gana, Gwalkwas ake cewa, kuma Yendi ba a cikinta take ba, ko da yake lori yana tashi da safe ya isa kafin azahar. Can ɓangaren a da na Jamus ne. Da aka ci Jamus da yaƙi sai aka raba ƙasar tasu, Faransa ta ɗauki babban kaso, Ingila ta karɓi wani siririn yanki da ya taso daga kudu ya wuce ta Yendi, amma ba a matsayin nata ba. Riƙo aka ba ta, ƙasashen duniya suna sa ido. To da Turawa suka fara ɗaure kaya za su tafi, sai tambaya ta taso: wannan yankin na riƙo a haɗa shi da Gwalkwas, ko a ware shi? Dagomba suna son a haɗa, domin layin da Turawa suka ja ya raba su da sarkinsu, su suna Tamale shi yana Yendi. Mutanen kudancin yankin kuwa da yawa ba sa so, suna cewa 'yan'uwansu suna ɓangaren Faransa. Ni ban damu da sarkin kowa ba. Abin da na ji a bakin masu zuwa kitso shi ne in aka ware, za a sa ƙofa a hanyar Yendi da 'yan sanda, ba mai wucewa sai da takarda. Tun ranar na zama 'yar haɗewa fiye da masu yawo da lasifika a mota.

Isaka kuwa ɗan warewa ne na gaban goshi. Duk zuwansa Tamale sai sun kwashi gardama da babanku a zaure, muna jiyo su daga cikin gida. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Malam, ka bar wannan magana kwata-kwata," yakan ce. "Ƙasa babba ya ga ƙarami a gefenshi, yana so ya haɗiye shi. Shi ke nan. Koko yana wajenku, zinariya yana wajenku, mu kuna so mu zama wutsiya."

"Ai ba da ƙarfi ba ne," in ji babanku. "Ba ga shi duniya ta aiko mutane su tambaye ku ba?"

"Duniya! Duniya ya zo ya riƙe mishi ruwa ne, don in ya haɗiye kar ya shaƙe."

Na tsani mutumin nan, amma wannan maganar tasa ta zauna mini a kai, kuma za ku ga dalili.

Mutanen duniyar sun zo kuwa. Ta Tamale suka bi, a motoci masu tuta, muka fita bakin titi kallo. Akwai farare, akwai wani mai naɗi irin na Indiya, akwai wani baƙi kamar mu amma ko sannu ba ya ji. Ba su tsaya sun ce mana uffan ba. Mu mutanen Tamale ba a tambayarmu, tunda mu ne masu haɗiyar. Yendi suka nufa, da garuruwan can, suna zama a gindin bishiya kowa ya zo ya faɗi kukansa a rubuta. Aka ce har mata za su jefa ƙuri'a. Na tsaya a bakin titin nan da man kaɗe a hannuna ina lissafi: wato Adiza, wadda ba ta iya tsaga kai ba, an taso daga bangon duniya a jirgi don a ji ra'ayinta. Ni kuwa an ɗauke mini 'ya daga gindin murhu ko "kin yarda?" ba a ce mini ba.

An yi zaɓen da farkon damina. Bayan 'yan kwanaki maƙwabciyarmu Mma Sanatu, Badagomba mai ƙosai, ta shigo da sauri da wani guntun jarida da ta kusa naɗe ƙosai a ciki, har mai ya taɓa gefensa.

"Rabi, duba! Ba yarinyanka ba ne wannan? Ya fito a takarda!"

Ita ce. Ga layin mata a gaban wata rumfa, ga Adiza a gaba ta sha ɗauri, ga Yayarku a jikinta tana dariya, da wannan karkataccen kitson. Ban taɓa ganin dariyarta haka ba, domin a gabana kullum kanta a ƙasa yake. Na tambayi abin da aka rubuta a ƙarƙashi. Mma Sanatu ta ce ɗanta ya karanta mata, wai uwa da 'yarta sun fito zaɓen makomar ƙasarsu. Uwa da 'yarta! An buga, an kai kudu, an kai ƙetare, duniya duka ta shaida. Na mayar mata da takardarta na ce hoton ya yi kyau. Matar da ke gabana a ranar ta sha ja, har ta ce, "Rabi, yau lafiya? Za ki cire mini fatar kai."

Haɗewa ta ci. A arewa an zuba mata ƙuri'a sosai, a kudu da yawa sun ƙi, suka kai kuka har ƙetare. Aka ce musu an ji, sannan aka haɗa nasu da na arewa aka ƙirga tare, aka ce masu rinjaye sun yi magana, mutanen duniya suka shiga jirginsu. A Tamale an kwana ana kiɗa. Ni har waina na yi na raba sadaka, ba wanda ya san dalili. A raina na ce to, ba ƙofa, ba ɗan sanda, 'yata tana ƙasata.

Da babbar Salla Adiza ta zo, ta baje a kan tabarmata tana ba matan gida labarin zaɓe kamar wadda ta dawo daga Makka. Wai ana ba ka 'yar takarda, ka shiga bayan labule kai kaɗai, ga akwati biyu kowanne da alamarsa, ka jefa inda ranka yake so, ba miji ba sarki.

"To ke ina kika jefa, Yaya?" wata ta tambaya.

"Wannan tsakanina da Allah ne. Ko Isaka bai sani ba."

Aka yi shewa. Ni ban yi ba. Har sirri an ba ta, na ce a raina, sirri da labule na gwamnati.

Murnata ba ta yi shekara ba. Isaka ya kasa zaman Yendi. Samari suna binsa da waƙa in ya fito, mahauta suka fara juya masa baya, shi kuma mutum ne mai zuciya. Ana cikin shafa wa gine-ginen Tamale farar ƙasa ana rataya tutoci don bikin 'yancin kai, sai ga su sun zo sallama, shi da Adiza da yarinyar. Ya ce shi ba zai kwana a cikin cikin wani ba, zai koma Mango wajen danginsa. Ku duba wannan abu. Na yi addu'a a cire ƙofa tsakanina da 'yata, an cire, sai ga shi wannan cirewar ce za ta kai ta inda ake wani harshen da wani kuɗin, bayan ƙofa ta gaske.

Washegari da hantsi na sami babanku a bayan ɗaki yana zaɓen goro yana yayyafa wa ganye ruwa. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa yi masa maganar yarinyar ba, shi ma bai taɓa yi mini ba, domin kunyar da ke kaina tana kansa, ga kuma ta yayarsa a sama.

"Malam, da ita za su tafi?"

Bai ɗago ba. "To yaya za a yi, Rabi? Yaya ce fa."

"Mutanen Yendi ma an tambaye su."

"Ki yi wa Allah, kina so a ce yarinya ta buɗe baki a gaban manya ta ce ga wadda take so?"

"Ba sai ta buɗe baki ba. A yi mata labule."

Ya tsaya da goro a hannu ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba. Da la'asar ya je wajen Baba Tanko, ya kai maganar kamar daga kansa ta fito. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce zamani ya zo da abin mamaki, amma ƙetare iyaka da 'yar gida ba ƙaramin abu ba ne, a yi. Isaka bai iya musu ba, tunda shi ne kullum yake cewa a tambayi ƙarami. Adiza ta sha mur ta ce ita ba ta da fargaba.

Na san abin da nake yi. Yarinyar nan ko ba ta faɗa, na sha kama ta tana leƙen hannuna in ina kitso. Akwai Sallar da na sami ɗankwalina a ninke a kan gado, ba kuwa wanda ya shiga ɗakin sai ita. Ban ce tabbas ni za ta zaɓa ba, amma na ce bari dai sau ɗaya a duniya a tambaya.

Aka shirya da safe bayan an karya. Ɗakin Baba Tanko ciki da falo ne, da labulen saƙi a tsakani. Aka ce kowace ta kawo ƙwaryarta. Na kawo tawa ta aure mai zane a baki, Adiza ta kawo wadda take dama fura a ciki, aka ajiye su a uwar ɗaki. Sai aka rasa abin da za a jefa. Wani ya ce tsakuwa, Baba Tanko ya ce ba a zaɓen uwa da tsakuwa. Babanku ya sa hannu a aljihu ya fito da farin goro babba, irin wanda ake ajiye wa baƙo mai daraja. A gidan 'yan goro me kuma za a ba yarinya? Ba wanda ya ga aibin haka, har ni.

Muka zauna a falo. Baba Tanko a kan buzunsa, Isaka a gefensa, babanku can bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, Adiza kusa da labule, ni a lungu kamar yadda ya kamata matar gida ta zauna a gaban surukai. Matan gida sun cika taga. Tsohon ya kira yarinyar, lokacin ba ta kai goma ba, ya sa mata goron a hannu.

"Ke, 'yar nan. Ga ƙwaryar Goggonki, ga ta Innarki. In Mango kike so, kin san inda za ki sa. In nan kike so, kin sani. Ba mai dukanki, ba mai zaginki. Shiga."

Ta shiga, labule ya rufe. Ta daɗe, har Isaka ya fara gyaran murya. Can muka ji ɗan ƙas, ƙaramar ƙara, sannan ta fito da gudu ta wuce tsakar gida ba ta dubi kowa ba. Aka fito da ƙoren aka ajiye a tsakiya. Ashe ɓara goron ta yi, kamar yadda ta ga manya suna yi tun tana goye. Ɓari ɗaya a ƙwaryar Adiza, ɓari ɗaya a tawa.

Matan taga suka ɗauki salati. Daga lungun da nake ina hango farin abu a cikin ƙwaryata. Yarinyar da ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa goge mata hawaye ba, ta sa mini rabi. Ban gama jin daɗin ba Adiza ta kai hannu, caraf, ta ɗauke nata ta jefa a baki.

"Ni dai na karɓi nawa," ta ce, tana tauna.

Kowa ya juyo yana kallona. A nan ne na gane abin da goron nan ya jawo. Da tsakuwa ce, da sai a ce an yi kunnen doki, manya su zauna su yi shawara. Amma goro a wajenmu ba a ajiye shi a banza. In an kawo goron neman aure ko na sulhu, wanda ya ɗauka ya yarda, wanda ya bar shi a ƙasa ya ƙi, ba sai ya yi magana ba. Ni kuma in na taso daga lungun nan, na ratsa gaban Baba Tanko da mijin yayar mijina, na miƙa hannu na ɗauka, to na tsaya a gaban surukai na ce ina son 'yata ta fari, abin da uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. An yi wa yarinya labule, ni ba a yi mini ba. Na dubi babanku ko zai ɗauka a madadina, na ga yana ƙirga yatsun ƙafarsa.

Kada wanda ya ce mini, "Mma, ai da kin miƙa hannu kawai." Na ji wannan daga bakin ƙanwarku, na kuma gaya mata abin da ya sawwaƙa. Ba ku zauna a ɗakin nan ba. Ba ku san nauyin idon tsohon nan ba, ba ku san abin da za a kira Yayarku da shi a Zogbeli har ranar aurenta ba. Na yi abin da aka raine ni a kai, kuma duk matan da ke tagar nan da haka za su yi. Adiza ma ta san haka. Shi ya sa ta yi saurin kai hannu, ita da ba kunyar kowa a kanta.

Baba Tanko ya jira. Ba zan zalunce shi ba, ya jira sosai, har ya ce, "Rabi?" a hankali. Na ƙara sunkuyar da kai.

"Baba, magana ya ƙare," in ji Isaka. "Ɗaya ya ɗauka, ɗaya ya bari."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. "Haka ne. Allah ya sa albarka a tafiyar. Rabi, Allah ya saka miki, kin yi halin manya."

Sai Adiza ta jawo ƙwaryata gabanta, ta leƙa.

"Tunda ba kya so, kada a yi asarar goro mai kyau."

Ta ɗauke nawa ɓarin ta haɗa da na bakinta. Goron ya yi mata yawa, ta ƙware, ta fara tari tana dukan ƙirji.

"Rabi, ba ni ruwa."

Ni ce ƙarama a ɗakin. Na tashi na je randa na ɗebo, na durƙusa na ba ta, na riƙe mata moɗa har ta haɗiye. Isaka yana kallo. Ban sani ba ko ya tuna maganarsa ta zaure, ni dai na tuna.

Sun tafi kwana biyu kafin a sauke tutar Turawa. Ranar bikin gari ya cika da ganguna, 'yan makaranta suna maci, babanku ya sa babbar riga ya fita. Ni na yi kitso tun safe, domin kowace mace tana son ta shiga sabuwar ƙasa da sabon kai. Bayan wasu shekaru manyan ƙasashen biyu suka ɓata, aka rufe iyakar gaba ɗaya, sai labari a bakin masu shanu. A bakinsu na ji an yi wa Yayarku aure. Adiza ce ta yi mata gara, Adiza ce ta zauna mata wankan jego, 'ya'yanta Adiza suka sani kaka. Da Adiza ta rasu aka ce Yayarku ta yi kukan da har sai da aka riƙe ta. Na ji wannan ma, na yi kishinsa, domin na san ni ba zan sami irinsa ba.

Sauran ku kun san shi, sai abu ɗaya, wanda shi ya sa na tara ku yau. Lokacin rasuwar babanku Yayarku ta zo gaisuwa daga Mango, ta yi kwanaki. Ita ma ta manyanta, furfura ta fara fito mata a goshi. Baba Tanko ya daɗe da rasuwa, matan tagar nan duk sun bi shi, ba sauran idon da zan ji wa kunya. Wata safiya na ga ta cire ɗankwali tana sosa kai, na ce, "Zo nan ki zauna." Ta zauna a tsakanin ƙafafuna. Na tsefe, na shafa man kaɗe, na ɗauki tsinke na ja tsaga ɗaya miƙaƙƙiya tun daga goshi har ƙeya. Ta fita sak. Muna cikin haka, ba ta juyo ba, ta ce:

"Inna, kin tuna goron nan?"

"Na tuna."

"Kin san goro ba ya ɓaruwa daidai. Na daɗe a ciki ina gwada su a hannu. Babban a ƙwaryarki na sa. Na ɗauka za a gwada."

Na gama layin da na fara, na kama na gaba. Ba a gwada ba, domin kafin a ajiye su gefe da gefe ɗaya ya riga ya shiga baki. Baba Tanko idonsa ya yi rauni, babanku da zai gane da kallo ɗaya kansa yana ƙasa, ni ina lungu. Mutum ɗaya ce a ɗakin nan ta leƙa ƙoren duka biyu, ta ɗauki kowane ɓari da yatsunta, ta ji girmansa a bakinta. Ta sani tun ranar, ta yi shekaru tana zuwa gidan nan tana cin tuwona, ta tafi kabari da shi. Wannan ita ce Goggon taku da kuke cewa na ba kyauta. Ita ta cinye duka biyun, ni na kawo mata ruwa.